Daga Giad Zuwa Garejojin Omdurman: Wa Zai Riƙe Ragamar Harkar Motoci a Sudan?

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartoum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, jama'a suka fara komawa gida, kuma matsalar da ta fi tarar su bayan ruwa da wuta ita ce ta abin hawa. An sace dubun-dubatar motoci tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, an kora wasu Darfur, wasu suka tsallaka Chadi da Sudan ta Kudu, waɗanda suka ƙi tashi kuma aka kwance musu taya da batir aka bar gangar jikin a bakin titi. Gadar Shambat da ta haɗa Omdurman da Bahri ta karye a Nuwamban 2023, matatar mai ta Jaili ta ƙone a Janairun 2025. Saboda haka birnin Khartoum zai sake sayen motoci masu yawa a 'yan shekarun nan, ko ana so ko ba a so. Abin da bai tabbata ba shi ne wanda zai tsara yadda motocin da kayan gyaransu za su riƙa zuwa. Ra'ayina shi ne Sudan ta yi shekara ashirin da wani abu tana ɗora jagorancin wannan harka a inda bai dace ba, wato a kan katafariyar masana'anta ɗaya da ke hannun soja, alhali ƙarfin ƙasar na gaske yana can ƙasa, wurin kanikawa da 'yan kasuwar kayan gyara. Idan aka sake gini a kan tsohon tsari, gasar duniya ta yau ba za ta bar shi ya tsaya ba.

A fara da Giad. Shugaba Umar al-Bashir ne ya buɗe wannan birni na masana'antu a Oktoban 2000, kimanin kilomita 50 kudu da Khartoum, shekara guda bayan Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai. A can aka riƙa harhaɗa ƙananan motocin Hyundai irin su Accent da Sonata, daga baya BYD ta ƙasar Sin, da manyan motoci da taraktoci. An kira su motocin gida, kuma ma'aikatan gwamnati da bankuna sun saya da yawa. Amma wanda ya leƙa cikin masana'antar ya san cewa inji da giya da gilashi da kayan lantarki duk a akwati suke zuwa daga Koriya ta Kudu ko Sin, a sauke su a Port Sudan, a ɗora wa tirela ta yi tafiyar kusan kilomita 800 ta Atbara kafin a kai ga ɗaure ƙusa ta farko. Irin wannan aiki dala yake ci, ba ya haifar da ita, domin kusan duk abin da aka harhaɗa a cikin gida ake sayar da shi. Muddin kuɗin mai na shigowa, aibin a ɓoye yake. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man, sai asiri ya tonu: kowace akwatin kaya ta koma jiran layin dala a babban banki, tana gogayya da alkama da magani da man fetur. Ɗan Najeriya ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya ga yadda Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi tashe a zamanin kuɗin mai sannan ta sanƙame da naira ta faɗi.

Masu kare Giad suna cewa takunkumi ne ya karya ta, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki a 1997, ba ta ɗage shi ba sai Oktoban 2017, sunan ƙasar kuma bai fita daga jerin masu tallafa wa ta'addanci ba sai Disamban 2020. A tsawon wannan lokaci bankunan duniya suna gudun takardun Sudan, ɗan kasuwa sai ya bi ta Dubai ya biya la'ada kafin kuɗinsa ya isa ga mai kaya. Sai dai wannan hujja tana da baki biyu. Ƙasar da ta san an toshe mata hanyar banki ita ce ta fi kowa bukatar ƙera batir da lagireto da sifirin da kujeru a gida, don ta rage abin da take nema da dala. Shekara ashirin sun isa a raini ƙananan masana'antu masu yi wa Giad waɗannan kaya, amma ba a ga sun taso da yawan da za a kira su masana'antar ƙasa ba. Dalilin, a ganina, yana cikin tsarin mallakar ne. Giad reshe ce ta rukunin masana'antun tsaro, kuma kamfanin da soja ke riƙe da shi ba ya buɗe littafinsa ga kowa, ba ya fafutukar neman mai saye tunda gwamnati na nan, ba ya kuma jin dole ya ja ƙananan maƙera a jiki. Firayim Minista Abdalla Hamdok ya ja daga kan wannan batu, har aka cim ma fahimta a Maris na 2021 cewa sassan farar hula na waɗannan kamfanoni za su koma ƙarƙashin ma'aikatun gwamnati, sai juyin mulkin 25 ga Oktoba ya binne maganar. A Yunin 2023 Amurka ta sa rukunin masana'antun tsaron cikin takunkumi, Tarayyar Turai ta bi sahu a Janairun 2024. Ke nan duk wani kamfanin mota na duniya da zai haɗa hannu da wannan gida yau, sai ya fara tambayar lauyoyinsa.

Ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba. A rana guda da rukunin tsaron, Amurka ta sa takunkumi kan kamfanin Tradive da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bisa zargin sayo wa RSF motoci, ciki har da a-kori-kura da ake girka wa manyan bindigogi. A Sudan mota ƙirar Land Cruiser makami ce, don haka duk mai sayar da ita ga ƙasar yanzu yana sa ido kan inda za ta ƙare, kuma wannan tsoro zai ƙara wa ɗan kasuwa na halal tsada.

Ƙarfin da aka raina kuwa ya daɗe yana nuna kansa. Wanda ya san hanyoyin Kordofan da Darfur ya san babbar motar da ake kira sifinja. Asalinta Bedford ce ta Ingila, amma maƙeran Sudan suka kwance ta suka sake gina ta: suka ƙarfafa shasi, suka ƙara ganyen sifirin, suka yi mata bodin ƙarfe mai tsawo, har ta riƙa ɗaukar lodin da ya zarce wanda masu ƙera ta suka tsara, tana ratsa yashi da laka inda babu kwalta. Kamfanin Bedford ya daina manyan motoci tun a shekarun 1980, amma sifinja ta ci gaba da aiki shekaru da dama bayan haka, abin da ya ja masanin nan Bajamushe Kurt Beck ya yi dogon bincike a kanta. Haka abin yake a unguwar masana'antu ta Omdurman da ta Bahri kafin yaƙi: mai walda a nan, mai juya ƙarfe a can, mai naɗin waya a gefe, shagunan kayan gyara a jere, kuma tsakaninsu suke riƙe da 'yan ƙananan bas na amjad da raksha, wato a-daidaita-sahu, da tsofaffin Hiace masu jigilar mutanen biranen uku, Khartoum da Omdurman da Bahri. Waɗannan mutane sun san wane ƙarfe ke jure zafin Khartoum, sun san wane kayan jabu ne ke kashe inji cikin wata guda. Ba su da banki, ba su da wutar lantarki tsayayya, ba su da ma'aunin inganci, kuma babu wanda ya taɓa zama ya lissafa abin da suke iya yi.

Za a ce to, ai gyaran tsohuwar mota ba masana'anta ba ce, ƙasa ba ta ci gaba da faci, ga Maroko ta nuna cewa ƙasar Afirka na iya ƙera mota. Misalin Maroko yana da kyau, amma a dube shi da idon basira. Tashar jiragen ruwa ta Tanger Med ta fara aiki a 2007, masana'antar Renault ta Tanja ta biyo baya a 2012, ta Peugeot a Kenitra a 2019. Tasha aka fara ginawa, aka ja layin dogo daga masana'anta zuwa bakin jirgi, aka jawo ɗaruruwan kamfanoni masu yin wayoyi da kujeru da sauran sassa, har abin da ake yi a gida ya haura kashi 60 cikin 100, kuma mafi yawan motocin Turai ake kai su, su dawo da kuɗin waje. Sudan ta yi akasin haka: ta gina masana'antar a tsakiyar ƙasa, nesa da teku, don kasuwar gida, ta dogara da tasha ɗaya da 'yan hanyoyi ƙalilan. Rufe Port Sudan da majalisar shugabannin ƙabilar Beja ta yi a Satumba da Oktoban 2021 ya isa shaida, don cikin 'yan makonni Khartoum ta shiga ƙarancin gari da mai. Hare-haren jirage marasa matuƙa a kan Port Sudan a Mayun 2025 sun sake nuna raunin, ga kuma hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 da suka tsawwala kuɗin inshora da na dakon kwantena.

Gasar duniya kuma ta sauya kama. A 2023 Sin ta wuce Japan ta zama ta ɗaya wajen fitar da motoci, kuma masana'antunta suna da ikon ƙera fiye da abin da kasuwarsu za ta shanye, don haka suna neman mafita da farashin da ƙaramin mai harhaɗawa ba zai iya kusanta ba sai an kare shi da harajin kwastan mai nauyi. Wa zai biya harajin? Mutumin da aka sace wa mota, wanda ajiyarsa ta narke tun lokacin da aka karya fam daga 55 zuwa 375 kan dala a Fabrairun 2021, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 400 cikin 100 a tsakiyar shekarar. Kuma tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka matsa: motocin fasa-ƙwauri da suka riƙa kwararowa ta Libiya da Chadi, waɗanda 'yan Sudan ke kira Boko, sun cika Darfur har suka iso Omdurman, ala tilas hukuma ta riƙa yi musu takardu. Manyan kamfanonin duniya ma sun canza yadda suke auna shugabanci. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, Toyota ta zauna ta zana taswirar masu kawo mata kaya har zuwa ƙananan da ba ta taɓa sanin sunansu ba, abin da ya ba ta 'yar sararawa a farkon ƙarancin ƙwaƙwalwar lantarki ta mota a 2021. Gwani a wannan zamani shi ne wanda ya san inda kowane sashi ke fitowa da kuma hanya ta biyu idan ta farko ta toshe.

Wannan ne irin jagorancin da Khartoum ke bukata, kuma bai kai tsadar sake gina Giad yadda take ba. Abu na farko shi ne hukuma ta farar hula, wadda dillalan manyan kamfanoni irin su Golden Arrow mai Toyota da DAL mai Mitsubishi da Mercedes za su zauna a cikinta tare da ƙungiyoyin kanikawa da masu sufuri da kwastan. Aikinta ta rage yawan ire-iren motocin haya da na lodi da ake shigowa da su, domin ƙasar da ke da nau'in bas talatin ba za ta taɓa iya ƙera birki ɗaya da riba ba, amma idan nau'i uku ne ko huɗu, mai ƙaramar masana'anta a Bahri zai iya yin matatar iska da sifirin da bodi ya sayar da yawa. Sharaɗin da ya kamata a gindaya wa kamfanin Sin ko Indiya mai son kasuwar shi ne ya buɗe rumbun kayan gyara a ƙasar, ya horar da kanikawa a kan injinan zamani masu kwamfuta, maimakon alkawarin harhaɗawa da ba ya wuce ɗaura taya. A kuma ɗauki mashigun Argin da Ashket na iyakar Masar a matsayin hanya ta biyu ta dindindin, tunda Masar tana da masana'antun sassan mota. Masu sha'awar bin Habasha, wadda ta hana shigo da motocin fetur a 2024, su tuna cewa ita tana da wutar babbar madatsarta, Sudan kuwa tashoshin wutarta har da na Merowe sun sha hari. Raksha mai batir da ake caji da hasken rana na iya yin tasiri a cikin unguwanni, fiye da haka sai wuta ta dawo.

Saura ƙorafi mafi nauyi, cewa yaƙi bai ƙare ba a Darfur da Kordofan, don haka wannan magana riga-malam-masallaci ce, kuma soja da ke yaƙi ba zai saki masana'antar da ke yi masa motoci ba. Ba na tsammanin zai saki, kuma ba lalle ne a jira shi ba. Ana iya raba gida biyu, ɓangaren tsaro ya riƙe nasa, sufurin jama'a ya samu nasa tsarin da bankunan waje ba za su ji tsoron taɓawa ba. Batun lokaci kuwa, yanzu ake yanke shawarar, domin kowace kwantena da ta sauka a Port Sudan tana ƙayyade irin kayan gyaran da za a nema nan da shekara goma sha biyar. Akwai ma aikin da ya riga duk waɗannan gaggawa: haɗa rajistar lambobin shasi na motocin da aka sace da ta kwastan na Chadi da Sudan ta Kudu da Nijar. Sai an san wace mota ce ta wa kafin kamfanin inshora ya yarda ya karɓe ta, kuma banki ba zai ba direban amjad rancen sabuwar mota ba idan babu inshora.