Kafin Ka Tayar da Akwalar da Ke Ƙofar Gida

Da wuya ka ratsa wata unguwa a Maraɗi, ko Zariya ce ko Sabon Gari ko Ali Ɗan Sofo, ba ka ga wata ƴar guntuwar mota kwance a gindin dogon yaro ba, tayoyi sun sace, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Galibi irin ƙananan nan ne marasa but, masu ƙofar baya da ake ɗagawa sama: Toyota Starlet, Volkswagen Golf, Peugeot 205, jefi-jefi kuma Renault 4 ta zamanin iyaye. A da ba mai waiwayarsu sai ƴan gwangwan. Yanzu idanu sun fara komawa kansu, kuma da dalili. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 hanyar Kwatano, inda motocin hannu suka saba biyowa, ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Wanda jiya yake tara kuɗin sabon shigowa, yau yana kallon motar mahaifinsa yana lissafi.

Lissafin ba na banza ba ne. Waɗannan motoci ba su da wuyar sha'ani, ba su da shan mai, kuma da yawansu kafireta gare su, ba kwamfuta ba, don haka mai haƙuri da ƴan sifanu zai iya yi musu aiki mai yawa da hannunsa. Amma a tuna da shekarunsu. An fara ƙera Peugeot 205 a 1983, aka daina a 1998. Golf ta biyu ta fito a 1983, ta uku a 1991. Tsohuwar Starlet ta tsaya a 1999. Renault 4 kuwa tun 1961 take. Wato ko autarsu ta haura shekara 25. Abin da nake gani yana kayar da mutane shi ne suna fara aikin daga inda ya kamata su ƙare. Sai ka ga an fesa fenti mai sheƙi, an ɗinka sabbin kujeru, an sa rediyo mai ƙara, alhali ba wanda ya leƙa birki, ba wanda ya tambayi takarda.

Takarda ce farko, tun kafin jika guda ta fita daga aljihunka. Ka karɓi kart giriz, wato takardar rajistar motar, a hannunka, ka je jikin motar ka nemo lambar shasi da aka buga a ƙarfe, ka gwada su harafi da harafi. Motocin da aka ƙera tun daga shekarun 1980 yawanci lambar tasu haruffa da alƙaluma 17 ce. In ka ga wurin an goge, ko an yi walda kewaye da shi, ko fentin wurin ya fi na sauran sabunta, ka yi sallama ka tafi komai arhar motar. Maraɗi gari ne na bakin iyaka. Daga nan zuwa Ɗan Isa da Jibiya ba nisa, kuma ba duk motar da ta tsallako ba ce ta bi ta duwan, ba kuma duka ba ne mai ita ya sayar da yardarsa. Ranar da jandarma ya tsayar da kai, ba zai tambaye ka nawa ka kashe a gyara ba. Akwai kuma wata rigimar da ba ta da alaƙa da ɓarayi: motar gado. Tsoho ya rasu, mota ta shekara goma ba mai kula ta, ɗa guda ya sayar maka, ka gyara ta tashi, sai ga sauran magada da sammaci. A zauna da su duka, a rubuta, a sa shaidu.

Bayan takarda sai ƙarfe. Mutane suna cewa ai ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin mota. Gaskiya ne ba ta ci da sauri kamar a bakin teku, sai dai yawancin motocin nan da ciwonsu suka zo. A Turai ana watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin mota ta ƙasa shekara da shekaru kafin a loda ta a jirgin ruwa. Ta iso nan kuma aka ɗora mata nata aikin. Motar da ta yi shekaru tana jigilar zogale da kayan lambu jiƙaƙƙu daga fadamar Jiratawa, ko buhunan takin zamani, ka ɗaga shimfiɗar bayanta ka duba da kyau, don taki da laima ba su barin ƙarfe lafiya. Ka duba ƙarƙashin ƙofofi, da gurbin safaya, da daɓen da direba yake taka ƙafa, da wurin da shokazoba take kama jiki. Ka sa sukudireba ka danna. Ka kuma zaga jikin da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, mastik aka cika aka shafe da fenti.

Wannan batu ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi, saboda irin ginin waɗannan motoci. Starlet da Golf da 205 ba su da wani ƙashin ƙarfe daban a ƙasa irin na a-kori-kura. Jikin shi ne ƙashin. In gindin ya ruɓe, to abin da ke riƙe da ƙafafu da kujeru da bel ɗin ɗamara ne ya ruɓe. Ƙaramin rami mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in ruɓar ta kai inda ƙafafun mota suke ɗaure, shawarata ita ce ka cire inji da giya da gilasai ka sayar, ka bar wa ƴan gwangwan sauran.

To a ina za a yi aikin? A nan nake so mai karatu ya tsaya, domin gidan Bahaushe ba gareji ba ne. Tsakar gida ɗaya ce ake girki, ake shanya, yara suke rarrafe, kaji suke kiwo.

Jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta ba. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, gindin jak yana nutsewa a hankali ba ka sani ba. Bulon siminti kuma yana fashewa farat ɗaya ba gargaɗi. Kafin ka shiga ƙarƙashi, a sa ƙafafun ƙarfe na tallafe mota a kan katako mai kauri, a tokare tayoyin da ke ƙasa, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin jiki, kuma a samu babban mutum a kusa. Ƙaramar mota ma ta tasam ma kilo 800, ƙirjin mutum ba ya ɗaukar wannan.

Fetur kuma ba ruwansa ne abin tsoro ba, tururinsa ne. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhu ko gawayin shayi a ɗaya gefen gidan. Kada a wanke kayan inji da shi a inda ake hura wuta. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a gaban mai walda, don tururin da ya rage a ciki shi ne ke fashewa. Tanki in ya huje, a nemo wani. A ajiye abin kashe gobara da bokitin rairayi kusa, ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Kada kuma a tayar da inji cikin zaure ko shago a rufe: hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, daga nan sai dai a ɗauko mutum.

Batir yana da nasa sharrin. Ruwansa asid ne, yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, cikinsa kuma dalma ce. A Thiaroye-sur-Mer, gefen birnin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ana fasa tsofaffin batura a cikin unguwa ana tsintar dalmar, ƙurarta ta gauraye da ƙasar da suke wasa. Tsohon batir a miƙa shi ga mai saye yadda yake, kada a fasa shi a gida. Ruwan lagireto mai launin kore ko ja yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda. Kada a zuba shi a gorar lemo a ajiye. Baƙin man da aka juye shi ma a tara shi a jarka mai murfi. A garuruwan bakin Gulbin Maraɗi, irin Tibiri da Jiratawa, ruwan ƙasa ba shi da zurfi a fadama, abin da ka zubar bayan ɗaki yana iya komawa rijiyar da ake sha.

Sai ƙurar birki. Tsofaffin takalman birki da faifan kuloci da yawa an yi su da asbestos, wani ma'adini mai siraran zare da ke maƙalewa a huhu ya haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Faransa ta haramta shi tun 1 ga Janairu 1997, amma motar da ta daɗe a ajiye tana iya kasancewa da na asali. Al'adar hura ƙurar da baki ko da iskar famfo a bar ta. A jiƙa tsumma a goge, a ƙulle shi a leda.

Shi kansa birkin, a motar da ta shekara a tsaye, a ɗauka ya mutu har sai an tabbatar da akasin haka. Man birki yana shan laima, shi ya sa ake canza shi kamar duk shekara biyu, kuma a sa irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Ruwan sabulu da wasu ke ɗurawa yana tsatsar da bututu, baƙin mai kuma yana kumbura robobin ciki. Tiyon roba na kowace ƙafa a lanƙwasa shi a duba tsagewa. Tayoyi kuwa kada zanensu ya ruɗe ka. A gefen kowace akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: in ka ga 2314, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2014. In alƙaluma uku ne, ta girmi shekarar 2000. Tayar da ta kai shekara goma ta gama aiki ko da ba ta taɓa taka kwalta ba, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40.

Inji ne ya fi jan hankalin kowa, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa. Ana kawo batir, sai a ce bari mu ji ko zai tashi. Injin da ya daɗe a kwance ba mai a samansa, ringi na iya maƙalewa, fetur ɗin tanki ya zama danƙo. A juye tsohon mai da tsohon fetur, a canza matatu, a cire fulogogi a ɗiga ɗan mai a kowane rami, a juya injin da hannu tukuna. Bel ɗin tayimin a canza shi ko da ya yi kama da sabo, don a injuna da yawa in ya tsinke fistin yana dukan bawul, aikin kwana ɗaya ya zama na sauke inji. Wayoyi ma a bi su ɗaya bayan ɗaya: rana ta busar da rigarsu, ɓera ya ci rabonsa. Fis in ya ƙone, akwai dalili. Naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari gayyatar gobara ce. Aikin wuta in ya fi ƙarfinka, kai wa mai wayarin, ba abin kunya ba ne.

Kayan gyara ana samu, a Maraɗi da kuma kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sabo da na hannu da jabu duk a rumfa ɗaya. Ka riƙa tafiya da tsohon a hannu da lambar shasi a rubuce. A lura da wani abu: tun 2020 Toyota tana sayar da wata sabuwar mota a Afirka da sunan Starlet, wadda asalinta Suzuki Baleno ce. Suna kawai suka haɗa da tsohuwar, kayansu ba sa shiga juna. Ƙofa da fitila da gilashi na hannu ba laifi. Birki da bel da tiyo da robobi kuwa sabbi za a saya, arha ba ta ado. In kuma ka yanke shawarar sauya inji daga na fetur zuwa na gazuwal, ka sani kart giriz ɗinka ta daina faɗin gaskiya sai an gyara ta.

Fenti ne na ƙarshe, kuma ba aikin tsakar gida ba ne. Fentin mota mai haɗi biyu yana fitar da sinadarin da ke jawo asma mai tsanani, ƙyallen rufe hanci na ƙura ba ya tare shi, iska kuma za ta kai shi ɗakin mai jego da tukunyar maƙwabta. Goge-goge da shirya jiki za ka iya yi da kanka, feshin a kai wa masu sana'ar, kuma a kauce wa kwanakin hazo, don ƙura tana manne wa ɗanyen fenti.

Ranar da motar ta tashi, kada a cika ta da yara a nufi hanyar Tibiri don a ji daɗinta. Wannan hanya ce ta manyan motoci da ƴan kabu-kabu da amalanke. A fara gwada birki da sitiyari a fili, a hankali, direba shi kaɗai, a tsaya a leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga, a sake ɗaure notocin taya. Sannan a yi asirans, wato inshora, a kai ta bizit a duba lafiyarta, a biya harajin binyat, kafin ta hau kwalta.