Mai Aikin Wucin Gadi, Me Ke Sa Ta Ƙwazo?

Uwargida, in kin shiga banki kin ga yarinya tana ƙirga kuɗi, kada ki ɗauka lalle ma'aikaciyar bankin ce. Da yawansu kamfanin samar da ma'aikata ne ya turo su, shi ne kuma yake biyansu.

To, me ke sa ta dagewa, alhali albashinta bai kai na wadda ke zaune kusa da ita ba? Sa rai ne, ko wata rana a tabbatar da ita. Shi ya sa takan riga kowa zuwa, ko da zazzaɓi ba ta fashi. Amma in shekara ta bi shekara shiru, sai gwiwa ta yi sanyi. Daga nan ba abin da ke riƙe ta kamar albashi ya zo ran da aka ce, manaja kuma ya san sunanta.

Ke kuwa 'yar makaranta, in irin wannan aiki ya samu kada ki raina shi, amma ki tambayi wane ne ubangidanki a takarda. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce. In an yi shiru, ki nema.