Sayen Jirgin Ruwa Na Hannu: Inji Ake Fara Dubawa

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Wanda bai san Abuja ba zai yi mamaki in an ce da shi ana cinikin jiragen ruwa a garin da ba shi da teku, ba shi kuma da wani babban kogi. Amma kuwa ana yi. Tafkin Jabi, wanda aka datse tun farkon gina birnin don shayar da jama'a kafin a gama madatsar Usuma, yanzu ya zama wurin shan iska, har da kulob na masu jiragen shaƙatawa a bakinsa. Ban da wannan, daga nan zuwa Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, kilomita kusan 200 ne kawai. Tafkin Shiroro yana nan kusa a Jihar Neja, Kainji da Yawuri suna gaba. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa da ke zaune a Abuja mutanen waɗannan wurare ne, kuma a cikinsu akwai masu zuba jari a jirgin fito can gida, kamar dai yadda wani ke sayen mota ya ba direba.

To, ina ake samo jirgin da injinsa? A wajenku ne, 'yan uwa mazauna Kudu. Akasarin na hannu daga Ikko suke fitowa, ko Fatakwal, ko Warri, ko Anacha, wasu kuma ta Kwatano. Saboda haka sau da yawa wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba shi ake bugo wa waya, a turo masa kuɗi, a ce ya nemo inji mai kyau ya ɗora a mota. Mutumin nan kuwa mai yiwuwa ne sana'arsa canji ce ko sayar da shanu, bai taɓa riƙe sandar tuƙin jirgi ba. In ya sayo ruɓaɓɓe, kuɗin ɗan uwansa sun salwanta, zumunci ya yi tsami, kuma akwai rayukan waɗanda za su hau.

Da farko sai a san injin jirgi iri biyu ne ake kawowa. Akwai na rataye, watau wanda ake maƙala shi dungurungum a bayan jirgi, in dare ya yi a kwance shi a kai ɗaki. Akwai kuma na ciki, wanda injin yana zaune cikin jirgin kamar na mota, sai ƙafarsa, mai ɗauke da giya da farfela, ta huda bangon baya ta fita cikin ruwa. Na biyun nan shi ake gani a jiragen shaƙatawa masu kujerun laushi da ake kawowa daga Amurka, kuma shi ya fi ruɗin mai saye, don farashinsa kan yi araha ƙwarai in an dubi kyan jirgin.

Na rataye

A ruwayen ƙasar nan babu sunan da ya kai Yamaha yawa. Kamfanin na Japan ya fara ƙera injin jirgi a 1960, daga baya ya fito da samfurin Enduro musamman don masunta da masu fito na ƙasashe irin namu, inda ruwa ke da laka, mai ba shi da tsabta, inji kuma ba ya hutawa daga safe har yamma. Kamfanin John Holt ya daɗe yana shigo da kayan Yamaha, shi ya sa suka yi jijiya. Mai ƙarfin doki 15, da 25, da 40, da 75 su ne aka fi sani, kuma na doki 40 ɗin nan shi ne jakin kogi. A ganina abin da ya ɗaga Yamaha a nan bai wuce wannan ba: in fistan ya ƙone a Yawuri ko Malale, akwai bakaniken da ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, akwai kuma mai shagon da zai miƙo safaya a ranar.

Suzuki da Tohatsu ma na Japan ne, kuma babu mai raina ƙarfinsu. Tohatsu ma ya riga Yamaha, tun 1956 yake wannan aiki, har shi ke ƙera wa kamfanin Mercury na Amurka ƙananan injunansa. Haka nan tsofaffin injunan Mariner da yawa Yamaha ne ya ƙera su aka sa musu wani suna, don haka wani lokaci safayar wannan takan shiga wancan. Amma kafin a sayi ɗaya daga cikinsu, a bugo waya gida a tambayi bakaniken garin ko yana gyaransa, kuma ina yake samo kayan. In amsarsa ita ce sai an aika Anacha, to jirgin zai riƙa kwana bakwai a ɗaure saboda wata 'yar roba.

Wanda za a yi hattara da shi sosai shi ne Evinrude da ɗan uwansa Johnson. Dattawa sun san su, injuna ne masu suna a zamaninsu. Sai dai kamfanin OMC da ke ƙera su ya karye a watan Disamba na 2000, wani kamfanin Kanada, Bombardier, ya saye sunayen a 2001, aka bar Johnson ya mutu, sa'an nan a watan Mayu na 2020 aka daina ƙera Evinrude ɗungum. Dillali zai ce maka ɗan Amurka ne, ƙarfe ne. Gaskiya ne, amma maraya ne.

Akwai kuma na Sin, irin su Parsun da Hidea, waɗanda yawancinsu an kwaikwayi tsarin Yamaha ne. Sabon irin wannan da garantinsa yakan fi tsohon Yamaha da ya gaji. Laifin da ke akwai shi ne na 'yan damfara da ke fesa wa na Sin fenti mai ruwan toka, su manna takardar Yamaha. A duba ɗan farantin lamba da ke jikin maƙalar injin, a gwada shi da abin da ke cikin rasit. In an kankare lambar, ko mai sayarwa ba shi da takarda, a tashi a bar wajen, don satar injin jirgi ta yi yawa a yankin teku, kuma wanda aka kama da kayan a hanya shi zai yi bayani.

Batun mai ma ya shigo ciki. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Enduro da ire-irensa masu shan gauraye ne, watau fetur haɗe da baƙin mai, kamar ƙaramin janareta. Galibi rabin lita na man ake zuba wa tankin lita 25. Na doki 40 in an buɗe masa wuta duka yakan sha lita 15 zuwa 20 a awa guda. Sababbin injuna masu tukunyar mai daban kamar na mota, irin waɗanda Honda ya tsaya a kansu tun farko, sun fi tattali nesa ba kusa ba, ba su da hayaƙi, ba su da ƙara. Amma sun fi nauyi da tsada, manyansu kuma kwamfuta ke ba su mai. Ranar da suka sha fetur ɗin jarka mai ruwa da ƙasa, irin wanda ake sayarwa a bakin kogi, sai an nemo mai na'ura. A Jabi ko Ikko wannan ba matsala ba ce. A ƙauyen bakin Kainji kuwa matsala ce babba.

Na ciki

A nan sunaye biyu ke ja: Volvo Penta na ƙasar Suwidin, wanda ya fara fito da wannan tsari a 1959, da MerCruiser na kamfanin Mercury, wanda ya biyo baya a 1961. Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne, injunan fetur na tsofaffin jiragen nan, masu lamba 3.0, 4.3, 5.0 da 5.7, kusan duk gangar jikinsu ta kamfanin motoci na General Motors ce, ko jirgin na Volvo ne ko na MerCruiser. Ashe ke nan bambancin yana ƙafa.

Ƙafar MerCruiser da ake kira Alpha One ita ta fi yawa a duniya, safayarta ta fi araha, har wasu kamfanoni na ƙera kwafinta. Takan yi ƙwas in an sa giya, wannan ɗabi'arta ce. Ba a so a ɗora mata injin da ya wuce doki 300, nan sai yayarta Bravo. Ƙafar Volvo ta fi laushin shiga giya, famfon ruwanta kuma a jikin inji yake, inda hannu ke kaiwa ba sai an fito da jirgi tudu ba, alhali na Alpha yana can cikin ƙafar. Amma kayan Volvo akwai tsada. Ta uku ita ce OMC Cobra, ta kamfanin nan da ya karye. Jirgin da ke ɗauke da ita, ko kyauta aka ba ka, ka yi lissafi tukuna.

Ko wace iri ce, akwai wata roba mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙeri a tsakanin ƙafa da bangon jirgi. Ita ke hana ruwa shiga. Rana da shekaru suna tsattsaga ta, kuma in ta yage jirgi yakan nutse a inda aka ɗaure shi, cikin dare, babu kowa a kai. A juya ƙafar hagu da dama, a ɗaga ta sama, a leƙa a taɓa robar da hannu. Sa'an nan jiragen da aka kawo daga wuraren sanyi na Amurka da Kanada suna da wata cuta da ba mu sani ba a nan: in an bar ruwa a cikin inji lokacin hunturu, yakan daskare ya tsaga gangar. Alamarta ita ce baƙin mai ya koma fari-fari kamar shayi da madara.

Wani abu kuma da ya shafi rai. Ganin injin irin na mota ne, sai bakaniken mota ya ciro sitata ko kafireto daga kasuwar safaya ya ɗaura. Na jirgi an rufe su ne don kada su yi tartsatsi, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan jirgi ba shi da mafita. Tartsatsi guda ya isa. Don haka ne ma aka sa wata fanka a ɗakin injin, wadda ake kunnawa minti 4 kafin a tayar.

Ni dai a nawa ra'ayin, jirgi mai injin ciki na attajirin da zai ajiye shi a Jabi ne, wanda zai iya jiran safaya daga waje. Wanda zai nemi abinci da jirgi a Kwara, inda rani ke fito da tudun yashi, ko a tafkunan da kututturan itatuwa ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, na rataye ne nasa, don ana ɗaga shi da hannu nan take, in ya mutu kuma a sauke shi a ɗora wani.

Ranar ciniki, kada a yarda da injin da aka riga aka ɗumama kafin a iso. A taɓa shi a ji sanyi, sa'an nan a ja igiya. Kada kuma a tayar da shi a busasshe, don 'yar robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin ƙasa da minti guda. In ya tashi, a dubi ɗan siririn ruwan da yake fitarwa ta baya, wanda masu jirgi ke kira fitsari. In babu shi, ko yana ɗiga da ƙyar, hanyoyin ruwan sun toshe. Wannan kuwa ita ce babbar illar injin Kudu: ruwan gishiri yana cin sa daga ciki, waje kuwa fenti na ƙyalli. A sa sifana a kan ƙusoshin kan inji, in sun ƙi motsi ko farin gari ya taru a gindinsu, gishiri ya gama aikinsa. A kwance ƙusar da ke ƙasan ƙafa a ga man giya, in ya yi fari ruwa na shiga, in da ɓarɓashin ƙarfe giyar ta fara cin kanta. Bakanike mai ma'aunin matsi ya auna kowace silinda, kada wata ta gaza 'yar uwarta da fiye da kashi 10 cikin 100. Gwajin cikin duro bai isa ba, inji yakan yi kuka mai daɗi a duro ya kasa da zarar an ɗora masa kaya. A biya kuɗin mai a fita da shi ruwa da mutane a ciki.

A tambayo kuma tsawon bangon bayan jirgin da za a rataya shi, don ƙafa akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20. In jirgin roba ne, a taka ƙafar injin a ga ko bangon yana lanƙwasa, domin katako ne a cikinsa kuma yana ruɓewa.

Masu karatu ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a Jihar Kebbi ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, ɗauke da mutum fiye da 150, akasarinsu ba su tsira ba, ko na Bagwai a Jihar Kano ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, inda ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi suka rasu. Yawan lodi da tsufan jirgi aka fi ɗora wa laifi a irin waɗannan haɗura. Amma jirgin da ya cika maƙil, in injinsa ya mutu a tsakiyar kogi, ba shi da sauran tuƙi, sai ya ba igiyar ruwa gefe. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta wajabta yin rajistar jirgi da sa rigar ruwa, ta kuma hana tafiyar dare. Saboda haka in an turo kuɗin inji, a ware na rigunan ruwa, da fulogi, da robar famfo, da farfela guda ta ajiya, a ɗora su mota ɗaya da injin.