Kafin ɗan kasuwa ya ɗaura kayan doguwar tafiya

Duk shekara da zarar an sauko daga Idin ƙaramar Sallah, zancen da ke cika rumfunan kasuwannin Kpandai da Salaga da Yendi da Bawku shi ne na maniyyata aikin Hajji. Idan kuma watan Oktoba ya kama sai hira ta koma kan masu zuwa sarin kaya ƙasar Sin ko Dubai. A gidan rediyonmu ma a waɗannan lokuta wayar masu saurare ba ta hutawa, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne: nawa ne kuɗin kujera bana, ina ake yin fasfo, dala nawa mutum zai iya riƙewa a jikinsa. Tambayar da ba kasafai ake yi mana ba, alhali ita ce ke karya jarin mutane, ita ce wa za a bar wa shago, kuma bisa wane sharaɗi.

Ma'aikacin gwamnati idan zai yi doguwar tafiya takardar hutu yake cikewa, albashinsa kuma na shiga yana can. Ɗan kasuwa ba shi da wannan gata. Kasuwar Bawku duk kwana 3 take ci, saboda haka wanda ya yi kwana 40 ba ya nan, daga barinsa gida zuwa dawowarsa, ya rasa cin kasuwa 13 ke nan. A ƙasar Dagwamba inda kasuwanni ke zagayowa duk kwana 6, ya rasa 6 ko 7. A tsawon wannan lokaci kuɗin haya bai tsaya ba, cefanen gida bai tsaya ba, masu binsa bashi ba su manta ba, waɗanda yake bi kuwa sun samu sarari.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 sukan yi watanni a hanya, kuma ayari ba ya tashi sai madugu ya tsayar da rana, an san jagaba, an san zangon da za a kwana da kuɗin fiton da za a biya a kowane kogi. Kasuwar Salaga da irin wannan tsari ta bunƙasa, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya warwatsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran garuruwa. Alhazan wancan zamani kuwa da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasunsu shekaru suka yi, kuma kafin su fita sai sun biya bashi, sun yi wasiyya, sun damƙa iyali a hannun wani. Jirgin sama ya gajarta hanya, sai mutane suka ɗauka shirin ma ya gajarta.

Mu fara da lokaci. Aikin Hajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 an yi hawan Arfa ranar 5 ga watan Yuni, kuma a 'yan shekarun da ke biye zai ci gaba da faɗowa cikin watan Mayu har ya gangaro Afrilu. Ga mai sayar da taki da irin shuka da maganin feshi, wannan shi ne bakin damina, lokacin cinikinsa. Ga dillalin dabbobi a Bawku abin ya fi haka nauyi, domin kowace shekara ce Hajji ke haɗuwa da kasuwar ragunan layya, wadda wasu da ita suke fitar da ribar shekara. Mai doya a Kpandai shi ya fi samun sauƙi a waɗannan shekaru, tunda sabuwar doya sai wajen Yuli zuwa Agusta take fara fita, amma idan ya ba manoma kuɗi tun kafin girbi, to ya san wanda zai riƙa leƙa masa gonakin. Masu zuwa Sin su ma da nasu lissafin. Babban baje kolin birnin Guangzhou sau 2 ake yinsa a shekara, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da masauki ke tsada. A ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu kuma, lokacin bikin sabuwar shekararsu, masana'antu rufewa suke yi na makonni. Wanda ya je a wannan tsakani kuɗin otal kawai zai ƙona.

Sai batun shago, wanda a ganinmu shi ya kamata a fi daɗewa a kansa. Abin da aka saba shi ne daren tafiya maigida ya kira ƙanensa ko babban yaronsa ya miƙa masa makulli ya ce, "Ga amana nan, ka ji tsoron Allah." Ba a ƙirga kaya ba, ba a rubuta komai ba. Bayan wata guda da rabi Alhaji ya dawo, an gama zuwa yi masa barka, ya shiga sito ya ga kamar kaya sun ragu, kuɗin da aka miƙa masa kuma bai kai abin da yake tsammani ba. Shi ba zai iya cewa an ci ba domin ba shi da shaida, yaron shi ma ba zai iya wanke kansa ba domin ba shi da shaida. Mun sha ganin zumunci ya lalace a kan haka, kuma sau da yawa babu wanda ya ci ko kwabo, farashi ne ya sauya, ko kuwa matan gida da dangi sun riƙa aikowa ana ɗiba da sunan Alhaji ya ce.

Maganin abin ba shi da tsada. Mako 2 kafin tafiya a rufe shago yini guda a ƙirga kaya gaban mutum na uku, ko sarkin kasuwa ko wani dattijo da duka ɓangarorin ke jin nauyinsa, a rubuta a littafi biyu, ɗaya ya zauna a shago ɗaya a hannun shaidan. A faɗa wa wakili ƙarara abin da aka yarje masa: zai iya ba da bashi ko a'a, wa da wa, har nawa, zai iya saro sabon kaya ko kuwa ya sayar da na ƙasa kawai, idan farashi ya tashi a Kumasi ko Cinkassé wa zai tambaya kafin ya ƙara. Kuɗin cefane a ware shi daban a damƙa wa uwargida tun kafin a tafi, don kada aljihun shago ya zama na gida. A kuma yanka wa wakilin ladansa tun farko. Wanda aka bar wa dukiya ya yi ta dawainiya kwana 40 a kan alkawarin tsarabar jallabiya da dabino, an sa shi cikin jarrabawa.

Akwai kuma wayar hannu. Yau rabin cinikin kasuwanninmu ta MoMo yake bi, kuma layin da abokan ciniki suka sani na maigida ne, da sunansa aka yi rajistarsa. Idan ya tafi da layin, kuɗin kaya na shiga wayar da ke Makka alhali kayan na fita a Yendi. Idan ya bar layin da lambar sirri, ya bar taskarsa a buɗe. Gara tun da wuri a buɗe layin shago daban, a sanar da abokan hulɗa, a kuma yi sharaɗin cewa duk ƙarshen mako wakili zai zuba abin da ya taru a asusun banki wanda shi ba ya iya cirewa.

Bashi kuwa malamai sun riga sun gama magana a kansa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta shi ta sauka. Namu kawai mu ƙara da cewa a bi mutum ɗaya ɗaya, wanda kake bi da wanda ke binka, a zauna a daidaita adadi, a sa hannu. Mai zubin adashi ya biya na kwanakin da ba ya nan, ko ya bar wanda zai riƙa zuba masa. Wasiyya ma ba kiran mutuwa ba ce.

Takardu su ne ke cin lokaci fiye da yadda ake zato. Tun 2019 fasfon Gana ya koma na shekara 10 maimakon 5, a ƙarshen 2024 kuma aka ƙaddamar da sabon samfuri mai ɗauke da ƙwayar na'ura. Ana cike takardar nema ta intanet, sannan mutum ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma ga mutanen Kpandai da Salaga da Yendi akwai ofishi a Tamale. Saudiyya da ƙasashe da dama ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6, don haka a buɗe shi a duba kwanan wata yau, kada a bari sai wakilin alhazai ya nema. Inda mutanenmu suka fi maƙalewa shi ne suna. Mutum guda ne, amma a takardar haihuwa Mahama, a Ghana Card Mohammed, a tsohon fasfo Muhammadu, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Gyaran wannan kan ɗauki makonni. Haka nan 'yan zango sun daɗe suna kuka da yawan tambayar asali da ake yi musu. Tsarin mulkin 1992 ya rataya zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa bayansa a kan iyaye ko kakanni, saboda haka wanda ke da tsofaffin takardun mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya tafi da su. 'Yan uwanmu 'yan Nijar da Najeriya da ke kasuwanci a nan kuwa, fasfonsu daga ofishin jakadancin ƙasarsu zai fito, a Ankara babban birnin ƙasa, ko kuma can gida. Su tuna cewa Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025 sun kuma fito da nasu fasfo, don haka a tambayi jami'an shige da fice na Kulungugu ko Pulimakom abin da ake karɓa kafin ranar tafiya.

Katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, wajibi ne ga mai fita daga Gana zuwa Saudiyya, haka ma allurar sanƙarau, wadda dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙe maganin da zai ishe shi har dawowa, cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Kada kowa ya karɓi saƙon ƙulli daga hannun wani a filin jirgi, ko da ɗan unguwarsu ne. Ƙwayar Tramadol da ake ganin ba komai ba ce a nan, a can tana kai mutum kurkuku, goro ma hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa.

Kuɗin kujera a Gana sidi 75,000 ne a 2023 da 2024, ya sauko zuwa 62,000 a 2025. Amma ainihin lissafin da dala ake yinsa, kuma duk wanda ke kasuwa ya ga abin da sidi ya yi a 'yan shekarun nan: a farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14, a tsakiyar 2025 kuma ta faɗo kusa da 10. Wanda ya ajiye sidi a 2022 ya yi kuka, wanda ya ɓoye dala a farkon 2025 shi ma ya yi kuka. Ba mu san mai iya faɗin gobe ba, shi ya sa masu hankali ke sayen guzurinsu kaɗan kaɗan cikin watanni. A biya kuɗin kujera ta hannun wakilin da hukumar alhazai ta amince da shi ko ta banki, a karɓi rasit mai suna da adadi. Wanda zai fita da abin da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan, a Saudiyya kuma a 2025 iyakar riyal 60,000 ce. Mai zuwa sari ya raba jarinsa, kada ya zuba duka a kaya, domin kwantena kan yi mako 6 ko fiye a teku kafin ta iso Tema, sannan ga kuɗin fito da na motar da za ta hauro da kayan arewa.

Dole mu tsaya kan masu tallan hanya mai araha, waɗanda ke cewa za su kai mutum da bizar ziyara ya saje da alhazai. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin Hajji. Ba su da tanti mai sanyi a Mina, ba su da motar da za ta ɗauke su, da ƙafa suka yi ta tafiya cikin rana. A 2025 aka sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama babu izini, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10. Mai wannan talla idan an kama ka yana gidansa.

Tun 2016 alhazan arewa ke tashi kai tsaye daga filin jirgin Tamale, an huta da kwanan sansani a Ankara. Sai dai isa Tamalen ma tafiya ce. Mutumin Kpandai ko ya bi ta Salaga ya ƙetare kogin Daka, ko ya zaga ta Bimbilla da Yendi, kuma duk wanda ya san hanyoyin nan da damina ba ya yi musu alkawarin awa. Mutanen Bawku kuwa tun da rikicin garin ya sake tashi a ƙarshen 2021 aka sha sa dokar hana fita, wani lokaci motoci sai da rakiyar jami'an tsaro suke bin hanyar Bolgatanga da Walewale, saboda haka su binciki halin da hanya ke ciki a makon tafiya. Ranar tashin jirgin alhazai takan sauya, wani lokaci a matso da ita. A isa Tamale da kwana 2 a hannu, fasfo da katin allura a jikin mutum ba cikin babbar jaka ba, hoton kowace takarda kuma a bar kwafinsa a gida wurin wanda ya iya karatu kuma wayarsa ke shiga.