Zinaren Kusheyi: Abin da Aka Tono da Wanda Ya Ɗauka

Tun da aka fara rububin zinare a Jado a 2014, injin neman ƙarfe ya zama sananne a ƙasar Damagaram, kuma ya tayar da wata tsohuwar magana. A majalisun Hamdara da Mirya za ka ji ana cewa duk tudun da ke tsohon kufai akwai dukiya a ƙarƙashinsa, wai Nasara sun daɗe da sanin haka, sun tone na Katsina sun kwashe zinare, ko allura ba su maido ba. Maganar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta ƙi mutuwa.

Wurin da ake nufi shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina. Tuddai ne da aka tara da hannu a kan kaburbura, Katsinawa kuwa suna danganta su da sarakunan Durɓawa, zuriyar Kumayau, waɗanda suka yi mulki kafin Muhammadu Korau. A 1907 Baturen mulki H. R. Palmer ya sa aka tone mafi girmansu da wasu biyu, da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An fito da tukwane da kayan ƙarfe. Ina suke yau? Sun ɓace, kuma ba a bar cikakken bayanin yadda aka same su ba. Nan kam mai ƙorafi ya yi gaskiya, bai ma faɗi rabin asarar ba. Tasar da ta ɓata ana iya cin karo da ita wata rana a ɗakin ajiyar wani, amma sanin ko a kan mamacin take ko a ƙafarsa, da abin da ke gefenta, da zurfin da take, wannan ya tafi tun ranar da aka zare ta.

Inda labarin ya karkace shi ne tono na biyu. A 1992 masana daga Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, sun buɗe wasu tuddai uku, kowanne da mamaci ɗaya a tsakiyarsa. Ba su yi ta tsintar kaya ɗaya-ɗaya ba. Sun yanko ƙasar dunƙule guda da abin da ke cikinta, aka ajiye a Katsina shekara da shekaru. Sai a 2007 aka kai su wani gidan tarihi da ke birnin Mainz, inda ƙwararru suka riƙa kankare ƙasar sannu a hankali. An baje kolinsu a can a 2011, aka dawo da su Najeriya a 2014. Masu cewa Jamusawa sun gudu da su sun haɗa aikin 1907 da na 1992 ne suka yi masa kuɗin goro.

Zinare fa? Akwai shi, amma kayan adon jiki ne irin 'yan kunne, ba tulu cike da curi ba. Sauran kayan sun fi shi ba da labari: mundayen tagulla, awarwaron hauren giwa, duwatsun wuya na gilashi, wuri wanda asalinsa daga tekun Indiya yake, da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Gwajin shekaru ya sa kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wato tun zamanin nan manyan ƙasar Hausa suna cikin cinikin da ke ratsa Sahara. A ganina tasa ɗaya daga cikin waɗannan ta fi 'yan kunnen daraja, don in aka narka zinare ba mai iya cewa daga ina ya zo.

Cewa kowane tudu kabarin sarki ne, wannan ƙarya ce. Da yawa juji ne da rusassun ɗakuna da suka hau kan juna. Tudun Daima a ƙasar Barno, wanda Graham Connah ya tona a 1965 da 1966, ya haura mita 10, kuma zaman mutane ne na ɗaruruwan shekaru ya tara shi: daɓe kan daɓe, toka, ƙashin dabbobi, tsingaro. Ba Samudawa suka gina shi ba, ƙasusuwan da aka samu na mutane ne kamar ni da kai. Manomin da hauyarsa ke turo tsingaro mai zanen igiya a gefe da baƙin kashin maƙera ya san irin kayan da ke cikin yawancin kufanmu.

A nan gida Damagaram muna da Kufan Kanawa, mai ganuwa doguwa, wanda Anne Haour ta yi bincike a kansa ta wallafa a 2003. Abin da ta fi samu tsingaro ne, shi da gawayi suka nuna an zauna wurin wajen 1300 zuwa 1650. Wannan ya taɓa wata maganar da muke alfahari da ita, cewa daga nan aka tashi aka kafa Kano. Mai yiwuwa wasu sun yi ƙaura zuwa can, amma ana narka tama a dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, tun kafin kufan namu ya zama gari.

Saura masu cewa abin da ka tono a gonarka naka ne, ka sayar wa wanda ka ga dama. Dokar kare kayan tarihi ta Nijar, ta 30 ga Yuni 1997, ba ta yarda da haka ba: tono sai da izini, abin da aka tsinta kuma a sanar da hukuma. Dokar ta zo ne a lokacin da ake wawashe maƙabartun Bura a yammacin ƙasar. Masani Boube Gado ya tona wurin bisa ƙa'ida a 1983, amma da aka nuna mutum-mutumin yumɓun da aka tono a wurin a Faransa a farkon shekarun 1990, dillalai suka yi caa a kai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura a jerin waɗanda take gargaɗin kada a saya a shekarar 2000.