Zaɓen Maɗaukin Aji a Laburaren Harshen Java

Tun da kamfanin Sun ya fito da harshen Java a 1995, shirin da aka rubuta da shi ba ya shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta gaba ɗaya. A gutsuttsure yake, kowane gutsure ana ce masa aji, kuma ba a ɗauko aji sai bukatarsa ta taso. Sashen da ke wannan aiki shi ake kira maɗaukin aji. A wurin Java suna kaɗai ba ya isa a shaida aji, sai an haɗa da maɗaukin da ya kawo shi. Azuzuwa biyu masu suna ɗaya da rubutu ɗaya, in maɗaukansu sun bambanta, baƙin juna ne, kuma shiri yakan tsaya cik in aka sa wannan a gurbin wancan.

A 1998 Java 1.2 ta jera maɗauka bisa tsarin uba da ɗa, wato kowane maɗauki yakan fara tambayar na samansa kafin ya nema da kansa. Uba kuwa ba ya ganin abin da ke hannun ɗa. To, a nan matsalar laburare take, watau tarin azuzuwan da wani ya rubuta domin wasu su yi ta amfani da su. Laburare irin Hibernate yakan karanta sunan aji daga fayil, ajin kuwa na mai shirin ne, ba nasa ba. Wa zai aika ya ɗauko?

Hanya ta farko ita ce ya aiki maɗaukin da ya kawo shi kansa, kamar yadda umarnin Class.forName ke yi in suna kawai aka ba shi. Ta biyu ita ce ya ari maɗaukin da aka rataya wa zaren aikin da ke gudana. Wannan ta yi amfani ƙwarai a sabar Tomcat da ire-irenta, domin can sabar ce ke rataya maɗaukin da ya dace kafin ta miƙa aiki.

Amma fa a tsarin OSGi, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2000, Eclipse kuma ta koma kansa a 2004, duka biyun sukan ci tura. A can kowane ƙunshi da maɗaukinsa, kuma ba ya ganin komai na maƙwabci sai abin da ya rubuta cewa yana shigowa da shi. Marubucin laburare ba shi da yadda zai san sunayen azuzuwan mutanen da bai taɓa gani ba, balle ya rubuta su. Maɗaukin zare kuwa ƙa'idar ba ta ce ga wanda za a rataya ba, saboda haka abin da aka tarar shi ke nan. An yi dabaru, alal misali barin ƙunshi ya shigo da duk abin da ya ga dama a lokacin aiki, sai dai wannan rushe katangar da aka sha wahalar ginawa ne. Laburaren Commons Logging, wanda ya dogara ga laluben maɗauka, ya daɗe yana shan suka a kan haka.

Abin da ya fi dacewa shi ne laburare ya bar canke. Ya buɗe ƙofa mai kira ya miƙo masa maɗaukin, ko ma ajin kansa, tun da shi ne ke ganinsa. In ba a miƙo ba, sannan ya gwada na zare, ya koma ga nasa, in duk sun kasa ya faɗi sunan ajin da maɗaukan da ya gwada. ServiceLoader da ya zo da Java 6 a 2006 ƙofa biyu gare shi: ɗaya ta dogara ga maɗaukin zare, ɗaya tana karɓar wanda aka ba ta. Mai rubuta laburaren da zai shiga OSGi, ta biyun zai bi.