Gyaran Bututun Masai: Ina Kuɗin Suke Tafiya?

Idan ana shirin gina gida ko yi masa kwaskwarima, uwargida takan sa baki a kan launin fenti, da irin tayil, da labule, da inda za a kafa kicin. Amma bututun da ke ɗauke ƙazanta daga banɗaki zuwa rami, tun da a binne yake, ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya toshe ko ya fashe. Ranar kuwa uwargida ce farkon mai shan wahala, domin ita ke wuni a gida, ita ke shaƙar warin, ita ke hana yara wasa a wurin da ya jiƙe, kuma ita za ta ji kunyar baƙi. Saboda haka ya dace ta san yadda aikin yake da inda kuɗinsa ke tafiya, don ta iya ba maigida shawara mai amfani kafin a kira mai gyara.

Yadda abin yake a gidajenmu

In ban da wasu sassan Abuja, inda babbar magudanar gwamnati ke kai ƙazanta matatar Wupa, yawancin gidajen garuruwanmu kowane da nasa ramin. A gidan da ake da masan zamani, bututun roba mai faɗin inci 4 ne ke tashi daga banɗaki, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ratsa wani ɗan akwatin siminti mai murfi da masu aiki ke kira cemba, sannan ya faɗa rami. A ƙa'ida ramin biyu ne. Na farko ana shafe shi da siminti ciki da bai don kada ya yi yoyo, a nan ƙazanta ke kwanciya ta ruɓe. Na biyu shi ne ainihin sokawe, inda ruwan da ya taso sama ke gangarawa ƙasa ta tsotse shi a hankali. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuma yakan bi ƙaramin bututu mai inci 2.

Alamomin da uwargida za ta lura da su

Bututu ba ya lalacewa dare ɗaya, yakan yi ta ba da sanarwa. Za ki ga ruwa na jinkirin wucewa bayan an kora, ko ki ji masai na ƙugi kamar mai kurkurar baki. Wani lokaci wari ne zai riƙa tasowa da yamma ko da an wanke banɗaki tas. Akwai kuma danshin da ba ya bushewa a gindin bango ko a tsakar gida ko da rani ne, da tayil ɗin da ya fara lotsawa, da yawaitar kyankyasai da ɓeraye. Idan banɗaki ɗaya ne ke ba da matsala, galibi toshewa ce a kusa, kuma gyaranta ba ya cin kuɗi sosai. Idan duk banɗakunan gidan ne suka ƙi wucewa lokaci guda, to ko dai ramin ya cika, ko babban bututun ya sami matsala. Abu na farko shi ne a buɗe cemba a duba. Sau da yawa yashe rami ko zura waya ya wadatar, ba sai an fasa ƙasa ba. Duk mai gyaran da ya yanke hukuncin a sauya bututu gaba ɗaya bai ko ɗaga murfin cemba ba, a nemi wani ya sake dubawa.

Inda kuɗin ke tafiya

Mutane da yawa sun ɗauka bututun ne ke cinye kuɗin. A gidan da aka riga aka gama, sau da yawa shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin. Abin da ke ɗaga farashi shi ne isa wurinsa da kuma mayar da wurin yadda yake. Za a biya leburori su fasa daɓe su haƙa. Za a sayi yashi da tsakuwa da siminti, da bulo idan za a sake gina cemba. Za a biya mai haɗa bututu, a biya magini, in akwai tayil a biya mai tayil, kuma da wuya a samo irin tsohon a kasuwa. Sai kuɗin kwashe ɓaraguzai, da na masu yasar rami idan ya cika. Gwargwadon nisan banɗaki da rami, da zurfin bututun, da taurin ƙasar wurin, gwargwadon yadda kuɗin zai ƙaru. Idan kuwa bututun ya bi ta ƙarƙashin ɗaki, wani lokaci ya fi arha a bar tsohon a toshe bakinsa, a ja sabon layi ta gefen gini.

Kayan ma kansu sun yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023. Buhun simintin da bai kai Naira 5,000 ba a farkon 2023, ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024. Don haka lissafin da wata maƙwabciya ta yi shekaru uku da suka wuce ba zai yi miki amfani ba. Abin da ya fi shi ne a sa mai gyara ya rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, da adadinsu, ya ware kuɗin aikinsa daban. Sai maigida ko wani amintacce ya ɗauki takardar ya shiga kasuwar kayan gini, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ya taya a shaguna biyu ko uku. A kuma ji ta bakin masu gyara aƙalla biyu. Kuɗin aiki kada a biya shi duka a farko, a bar wani kaso sai an gwada an ga ruwa na wucewa.

Araha ba ta ado

A kasuwa za a tarar da bututu iri-iri masu faɗi ɗaya amma kaurinsu ya bambanta. Marar kaurin ya fi arha, in an matsa shi da hannu ma sai ya lotsa. Irin wannan idan aka binne shi, nauyin ƙasa ko na mota zai maƙure shi ko ya tsaga shi, sai a sake fasa tayil, a sake biyan duk waɗancan ma'aikatan. Ɗan abin da aka rage a wurin saye ba ya kai kwatankwacin asarar. A nemi mai kauri, mai ɗauke da sunan kamfani da tambarin inganci na NIS, a guji wanda ya daɗe a rana har ya koɗe, domin rana na sa roba ta bushe ta yi saurin fashewa.

Bayan ingancin kaya sai ingancin aiki, kuma a nan uwargida da ke gida za ta iya sa ido a kan abubuwa huɗu. Na farko gangara. Masu aikin kan ba bututu mai inci 4 gangarar kusan santimita 2 da rabi a kowace mita, wato idan nisan mita 12 ne, bakin ramin zai fi na banɗaki ƙasa da kimanin santimita 30. In gangarar ta yi kaɗan ƙazanta za ta riƙa kwanciya a hanya. Na biyu, a shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasan bututun da samansa, kada a mayar da duwatsu da fasassun bulo a kansa, inda mota ke bi kuma a rufe shi da kankare. Na uku, kada a yarda a gasa bututu a wuta don a lanƙwasa shi, kamar yadda wasu ke yi don gudun sayen mahaɗi, domin wurin da aka gasa shi ne ke fara tsagewa. A sa cemba a duk inda layin ya karya kwana. Na huɗu, kafin a rufe ƙasa a zuba bokitai na ruwa a ga wucewarsa, a duba ko wata mahaɗa na ɗiga. A tabbata kuma akwai bututun fitar da iska da ya zarce rufin gida.

Rijiya da haƙƙin maƙwabci

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta lafiya. Bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa yana iya kai ƙazanta cikin rijiya ba tare da kowa ya sani ba. A 1854 cutar kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi diddigi ya gano cewa yawancin mamatan famfo ɗaya suke ɗiba. Daga baya aka gano rijiyar famfon tana dab da wani ramin ƙazanta da ke yoyo, inda aka zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa. Mu ma ba baƙin wannan cuta ba ne. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi yawan masu cutar.

Masana na ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya. A filayenmu na cikin gari wannan na da wuya, kuma sau da yawa sokawen gidanki na jingine da bangon da rijiyar maƙwabta ke bayansa. Shi ya sa ya kamata a yi shawara da su kafin a haƙa. Mun koya a Islamiyya cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba a tsarki da shi. Sai dai ƙwayar cuta ba ta jiran ruwa ya sauya kama, yana iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da ita. Idan rijiya na kusa da rami, a riƙa tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsaftace ruwa. Sakin ruwan masai cikin kwatar unguwa da dare kuwa cutar da maƙwabci ne, abin da addininmu ya yi hani da shi ƙwarai.

Rigakafi ya fi magani

Yawancin toshewa daga hannunmu take. Kada a jefa audugar mata, ko famfas, ko tsumma, ko leda, ko gashin da aka taje a cikin masai. Kada a zuba ragowar mai da kitse a wurin wanke-wanke, domin yana daskarewa a jikin bututu. A ja kunnen yara da masu aikin gida. Kada a dasa darbejiya ko mangwaro kusa da layin, saiwarsu na bin danshi ta kutsa ta mahaɗa. Kada a juya ruwan indararo cikin sokawe, zai cika shi tun damina ba ta yi nisa ba. Sannan ko da wasa kada a bar wani ya shiga rami don ciro waya ko wani abin da ya faɗa, domin iskar da ke ciki na sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya bi shi don ceto shi ma ba ya fitowa. Muddin ana aiki, a tsare yara daga bakin ramin.

Masu zaman haya su sanar da mai gidan da zarar sun ga alama, a kuma daidaita tun farko a kan wanda zai biya, in da hali a rubuce. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne rani, kafin ƙasa ta jiƙe haƙa ya yi wuya. Uwargidan da ta ware wani abu daga adashinta, ko ta tuna wa maigida tun ana ƙugi ba a kai ga ambaliya ba, ta taimaki aljihun gidan da lafiyar 'ya'yanta. Allah Ya ba mazajenmu abin yi mana hidima, Ya kare mu da iyalanmu daga cuta, amin.